Me Ya Sa Wasu Ba Sa Jin Daɗin Zama Sai Da Rigima? Tambayoyi Da Amsoshi

Babu unguwar da ba ta da irin gidan nan, ko a Garwa ne, ko Marwa, ko Kusiri, ko tsallaken gada a Njamena: gidan da ba a kwana uku ba a jiyo hayaniya ba. Yau da kishiya, gobe da maƙwabciya a kan ruwan wanke-wanke da ya gangaro ƙofa, jibi kuma a rukunin WhatsApp na dangi. Mutane kan ce "halinta ne", ko "haka Allah ya yi shi", a kaɗa kai a wuce. Masana halayyar ɗan Adam sun bi diddigin abin, kuma abin da suka gano zai amfani mai rigimar, da wanda ke zaune da shi, har da wanda ke ganin shi rabon faɗa kawai yake yi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Wace irin rigima ake nufi? Ai zo mu zauna zo mu saɓa ne.

Haka ne, kuma ba saɓani ake nufi ba. Saɓani yana da tushe, yana da ƙarshe. An saɓa a kan rabon gado, ko zubin adashi da wata ta kwasa ta daina biya, ko iyakar gona a bakin Binuwai. A je gaban dattawa ko jauro ko alƙalin fadar lamiɗo, a yanke magana, kowa ya yi ajiyar zuciya.

Wadda ake nufi ita ce wadda dalilinta ke canzawa kullum amma zafinta ba ya sauka. A kashe wannan yau, kafin jibi wata ta tashi, kuma in ka lura za ka ga akwai mutum guda da ba a rasa shi a tsakiya. Ga ma'auni mai sauƙi: bayan an yi sulhu, me mutum ke ji? Wanda saɓani ya dama zai ji sanyi a ransa, ya kwanta ya yi barci. Wanda ya saba da rigima zai ji gidan ya yi masa faɗi, ya ɗauko waya yana latsawa, yana neman wa ya ce me.

Kada kuma a haɗa wannan da masifa ta gaskiya. Mutanen Kolofata da Mora da Fotokol da hare-haren Boko Haram suka raba da gidajensu, da waɗanda ke sansanin Minawao tun 2013, da waɗanda ambaliyar 2022 da ta 2024 ta rusa wa ɗakuna a Yagwa da Njamena, ba su nemi tashin hankali ba. Shi ya zo ya same su.

Ta yaya mutum zai so abin da ke sa shi kuka da ciwon kai?

Kukan a ƙarshe yake zuwa. Dubi abin da ke gabansa.

Mace tana tsaka da tuƙa tuwo, waya ta yi ƙara. Saƙon murya ne na minti huɗu, facalarta ce ke magana, an turo shi daga wani rukuni da ba ta ciki. Ta saki muciya, ta kara waya a kunne. Tun ba a kai rabi ba ƙirjinta ya fara dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, yawu ya ƙafe. Ta sake saurare, ta sake, tana tsayawa daidai inda aka ce "wasu dai sun san kansu". Gajiyar da ta wuni da ita ta gudu. Ciwon bayan da take mita a kai tun safe ta manta da shi. Tuwo kuwa ya kama a gindin tukunya.

Abin da ya faru a jikinta sananne ne wurin likitoci. Akwai wasu 'yan ƙullutai biyu a saman ƙoda da ke sakin sinadaran adirenalin da kotizol da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari. Su ke sa zuciya gudu, su tura sukari cikin jini, su dusashe jin zafi, hankali ya taru wuri guda. Amfaninsu shi ne mutum ya tsere wa maciji ko ɓarawo, sai dai jiki ba ya bambance maciji da habaici. Ga wanda kwanakinsa duk iri ɗaya ne, wannan farkawar tana da daɗinta, ko da zai rantse ba ya jin komai sai ɓacin rai.

Sai abu na biyu, wanda a ganina ya fi ƙarfi: rigima ba kullum take biya ba. Wata rana ka yi nasara, a ba ka haƙuri gaban jama'a, ko miji ya zo biko da turmin atamfa. Wata rana ka sha kunya. Ba ka san wacce za ta zo ba. A shekarun 1950, B. F. Skinner na Jami'ar Harvard ya nuna wannan da tantabaru. Wadda ake ba tsaba duk lokacin da ta caki maɓalli, in aka daina ba ta, nan da nan take haƙura. Wadda ake ba jefi-jefi, ba tsari, ita ce ke ci gaba da caka ko an daɗe da daina ba ta komai. A shekarun 1990 kuma Wolfram Schultz ya gano a jikin birai cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu sakin dofamin, sinadarin da ke sa a sake neman abu, sun fi motsawa idan lada ta zo ba zato. A kan wannan aka gina caca. Mai zuwa rumfar cacar ƙwallo kullum da mai takalar faɗa kullum, ƙugiya guda ce ta kama su.

Na lura in gida ya yi shiru sai in ji ba daɗi. Mene ne wannan?

Ba ke kaɗai ba ce. A 2014 Timothy Wilson na Jami'ar Virginia a Amurka ya ajiye mutane ɗai-ɗai a ɗaki na minti 15, ba waya, ba littafi, sai tunaninsu. A ɗakin akwai maɓalli da ke ba mutum ɗan jan lantarki mai zafi, kuma dukansu sun ɗanɗana shi tun farko sun ce ba sa so. Duk da haka maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 sai da suka danna wa kansu. Sun gwammace zafi da zaman shiru.

Shiru yana da abin da yake fitowa da shi. Bashin da ba a biya ba. Auren da ya yi sanyi, kowa na kwana da bayansa ga ɗan'uwansa. Takardar digiri da ke kwance cikin akwati shekara biyar ba aiki. Ɗan da ya fara shan tiramol kowa ya kawar da kai. Waɗannan ba su da amsa mai sauƙi. Faɗa da matar wa a kan wa ya ɗauki bokiti kuwa yana da amsa, ga shi kuma kina da gaskiya. Shi ya sa tambayar da ta fi dacewa ki yi wa kanki ita ce: da ban shiga wannan rigimar ba yau, wane tunani zan wuni da shi?

Haihuwar mutum ake yi da shi ko koyo yake yi?

Akwai na jini. Wasu tun suna goye sun fi saurin hasala, kuma iyaye mata sun fi kowa sanin haka. Amma gidan da aka tashi yana da kaso babba.

Yaron da ya tashi inda ake faɗa kullum yakan zama gwanin karanta fuska. Daga yadda uba ya jingine babur a zaure ya san ko yau akwai duka. Jikinsa ya koyi cewa shiru ba lafiya ba ce, alama ce ta abin da ke tafe. In ya girma ya auri mace mai sanyin hali, sai ya kasa sakewa, ya yi ta tsokana har sai ta ɗaga murya, sannan ya ji ya dawo inda ya sani. Wani yaron kuma a gida mai 'ya'ya goma sha biyar ya tashi, ba a ganinsa sai ya fasa wani abu ko ya yi rashin lafiya. Ya gane cewa fitina ce ke jawo ido kansa, ya riƙe darasin har furfura.

Tsakanin 1995 da 1997, likitoci Vincent Felitti da Robert Anda sun tambayi manya fiye da 17,000 a Kalifoniya game da ƙuruciyarsu: duka, zagi, ganin ana dukan uwa, mashayi a gida, rabuwar iyaye. Suka ga iya yawan irin waɗannan da mutum ya gani yana yaro, iya ƙaruwar haɗarin ciwon damuwa da shaye-shaye, har da ciwon zuciya, bayan ya girma. Wannan ba ya nufin duk wanda ya sha wuya zai zama fitinanne. Da yawa ma akasin haka suke zama, su tsani ko ɗaga murya. Amma yana sa a rage saurin cewa "mugun hali ne kawai".

Ni fa ba na faɗa da kowa. Ni ake kira in an yi faɗa. Ina ruwana da wannan?

Ruwanki ya fi na kowa, kuma a nan zan ɗan daɗe.

A 1968 wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Stephen Karpman, ya zana rigima da kusurwa uku: wanda aka zalunta, azzalumi, da mai ceto. Abin da ya lura da shi shi ne mutane ba sa tsayawa a kusurwa guda. Zagayawa suke yi, wani lokaci cikin wuni ɗaya.

A ce ana shirin biki a Marwa. Yayar amarya ta fitar da anko na jaka goma sha biyar. Matar kawu ta ce a rukuni kuɗin ya yi yawa, ba kowa ke da miji a kwastan ba. Yayar amarya ta kira goggo tana kuka: an ci mata mutunci gaban dangi. Ga wadda aka zalunta, ga azzaluma. Goggo ta yafa mayafi, ta hau babur ɗin haya da kuɗinta cikin rana, ta tafi gidan matar kawu "don a kashe magana". Da ta isa ta ce, "Ni dai ba gulma na kawo ba, amma yarinyar nan ta ce kin daɗe kina yi musu baƙin ciki." Yanzu matar kawu ce aka zalunta, yayar amarya ta koma azzaluma. Kafin magariba su biyun sun yi waya kai tsaye, sun gano wa ya kai wannan magana, sun haɗe wa goggo kai. Da isha goggo ce ke kuka tana cewa, "Alherina ne ya ja mini, daga yau ba ruwana da kowa." Bikin gaba ita za a fara gani a kan babur.

Goggo ba muguwa ba ce. Amma ta samu abin da ba ta samu a ranakun lafiya: an kira ta, an buƙace ta, ta san sirrin ɓangare biyu. Rigimar mai ceto ta fi wuyar magani saboda yabonsa ake yi a kanta.

Sulhu na gaskiya yana da alamomi. Ɓangarorin biyu sun yarda ki shiga. Kina haɗa su wuri guda, ba kya ɗaukar maganar wannan ki kai wa wancan. Kuma in an gama, bakinki ya mutu a kan abin da kika ji. In ɗaya daga cikin ukun nan babu, kai-kawo ne, ko da da kyakkyawar niyya aka fara.

Wannan ai halin mata ne, ko?

A'a. Zauna a majalisar mai shayi awa guda ka ƙirga. Musu a kan ƙungiyar ƙwallon Coton Sport da ya koma zagin iyaye, gabar shekara uku tsakanin 'yan kasuwa biyu masu rumfa jere, almajiran malamai da ke kwana suna tura wa juna raddi, direban da ba ya kai Ngaundere daga Garwa bai yi cacar baki da fasinja ba. Na mata ana ce masa gulma, na maza a ce siyasa ko kishin addini. Bugun zuciyar iri ɗaya ne.

Waya ce ta kawo mana wannan bala'in?

Ta same shi a ƙasa, ta ƙara masa gudu. A da, kafin magana ta tashi daga Kusiri ta kai Marwa sai an samu mai tafiya, kuma kafin ta isa ran mai ita ya huce. Yanzu muryar mutum ce da kanta ke isa cikin daƙiƙa, da huci da tsaki da komai, kuma ana iya sake jin ta sau ashirin.

Kamfanonin ma sun san abin da ke riƙe mu. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsu Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 tsarin kamfanin ya riƙa ba alamomin motsin rai, har da fuskar fushi, maki ninki biyar a kan alamar yatsa ta "na so", kafin daga baya a rage. Wato rubutun da ya fusata mutane shi ake ƙara turo wa mutane. A 2017 ɗin kuma William Brady da abokan aikinsa a Jami'ar New York sun duba saƙonnin Twitter fiye da 500,000, suka ga kowace kalma mai ɗauke da hukunci da zafin rai, irin su "ƙiyayya" da "kunya", tana ƙara yaɗuwar saƙo da kusan kashi 20 cikin ɗari.

Sai namu na gida, habaicin sitatus na WhatsApp. A ɗora karin magana ko aya, a ce "ba da kowa nake ba", sannan a zauna ana duba wa da wa suka gani. Mutum goma za su tsargu, uku su mayar da martani. Kuɗin kiredi da ake ƙonawa a wannan a wata, wani gidan ya isa cefanen mako.

To hira da ƙawa a kan abin da ke damuna ita ma laifi ce?

Ba laifi ba ce. Robin Dunbar, wani masani ɗan Ingila, ya lissafa cewa kusan kashi biyu cikin uku na hirar mutane a kan mutane take, kuma da ita ake sanin wa za a ba amana. Inda take ɓaci shi ne maimaici. A 2002 Amanda Rose ta Jami'ar Missouri ta yi nazarin yara da matasa da ke zama da aboki suna juya matsala guda, suna tona ta, ba tare da neman mafita ba. Ta ga abotarsu tana ƙara danƙo, amma damuwa da fargabarsu ma suna ƙaruwa. Akwai ƙawancen da in kika cire maganar uwar miji, ba abin da ya saura a ciki.

Addini ya riga ya ja layi. Suratul Hujurat ta ce a bincika labari kafin a yi aiki da shi, ta kuma kwatanta gulma da cin naman ɗan'uwa matacce. Hadisin Bukhari da Muslim ya ce annamimi ba zai shiga Aljanna ba. Kowa ya haddace waɗannan. Wanda bai san dalilin da ya sa yake jin daɗin abin ba, haddar ba ta cika hana shi ba.

Ba gara in amayar da abin da ke cikina in huta ba?

Mutane da yawa sun yarda da haka, amma gwaji bai goyi bayansu ba. A 2002 wani masani, Brad Bushman, ya sa aka fusata ɗalibai da suka mai zafi a kan rubutunsu. Wasu ya ba su buhun dambe su yi ta naushi suna tuna wanda ya ɓata musu rai, wasu ya ce su zauna shiru na minti biyu. Masu naushin sun fito da fushi fiye da masu zaman. Amayar da fushi horar da shi ne.

John Gottman, wanda ya shafe shekaru yana auna bugun zuciyar ma'aurata suna tsaka da musu, ya ce idan bugun ya haura 100 a minti, mutum ba ya iya sauraro, kuma jiki na buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya sauka, muddin ba a cikin minti ashirin ɗin ake tsara martani ba. Wannan ya yi daidai da hadisin Abu Dawud: in mutum ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Jiki ake fara saukewa. Magana ta biyo baya, kuma lallai ta biyo, don shiru na har abada shi ma wata rigimar ce da ake kira gaba.

Na yarda ina da wannan halin. Ta ina zan fara?

Fara da kallo. Mako biyu, duk lokacin da wuta ta tashi, rubuta abu uku: wane lokaci ne, me ya faru kafin nan, me ka samu bayan an gama. Za ka sha mamakin yadda abin ke da tsari. Wani sai ƙarshen wata in aljihu ya bushe. Wata sai ranar girkin kishiya. Wasu da yawa sai watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Njamena ke haura digiri 40, wuta ta ɗauke, a kwana ana juyi a tsakar gida. Rashin barci kaɗai ya isa ya mai da mai haƙuri mafaɗaci.

Sannan ka sa tazara tsakanin ji da amsa. Saƙon murya mai zafi, sau ɗaya za ka saurara, kuma ba amsa sai an kwana. In hannunka na ƙaiƙayi, ɗauki amsar ka tura wa kanka, ka saurare ta da safe. Sau da yawa kunya za ta hana ka tura ta. Rukunin da ba ya kawo komai sai "an ce ka ce", kashe masa ƙara, ba sai ka fita da sanarwa ba, don fita da sanarwa ita ma neman magana ce.

In an kawo maka gulma, akwai jimla guda da ke kashe ta: "To, tashi mu je wurinsa tare ka maimaita." Ba a cika kawo wa mai faɗin haka magana sau biyu ba.

Na ƙarshe shi ne mai wuya. Komo kan abin da shirun ke tono maka. In bashi ne, je ka zauna da mai shi ku yanka yadda za a biya. In aure ne ya mutu a tsaye, a yi maganarsa shi kansa, a bar maganar gishirin miya.

Na daina, amma rayuwa ta yi mini lami, kuma mutane sun ƙara takalata. Na yi kuskure ne?

Ba ka yi ba, haka farkonsa yake. Harshen da ya saba da barkono mai yawa, in aka rage, makonnin farko komai lami zai ji, sai daga baya ɗanɗanon kuka da daddawa ya dawo masa. Kafin nan jiki na buƙatar inda zai kai ƙarfin da ya saba ƙonawa: ƙwallo da yamma, tafiyar ƙafa bayan asuba, sana'ar hannu, komawa islamiyya ko makarantar dare. A zaɓi abin da ke da wuya kaɗan kuma ana ganin ci gabansa.

Ƙarin takala kuwa, masu nazarin ɗabi'a sun san shi: in abin da ya saba biya ya daina biya, kafin a haƙura sai an ƙara matsawa. Wanda ya saba in ya taɓa ka ka yi tsalle, zai ƙara taɓawa da ƙarfi. Za a ce ka yi girman kai, ko an yi maka asiri. In ka amsa a karo na biyar, ka koya masa cewa sau biyar ake bugawa.

Mai rigimar mahaifiyata ce. Ba zan iya yanke zumunci ba.

Kada ki yanke. Tsakanin yanke zumunci da zama kwandon zuba kowace magana akwai fili mai faɗi. Ki gaishe ta, ki kai mata abin da kika saba, ki yi mata hidima. In ta ɗauko maganar matar yayanki, ki ce, "Inna, Allah ya huci zuciyarki. Wannan ke da ita za ku gyara, ni ba zan iya kai saƙo ba. Kin sha maganinki na yau kuwa?" Ba gardama, ba wa'azi, ba ɗaukar ɓangare. Za ta ji haushi, wataƙila ta ce kin bi bayan bare. Ki dawo gobe da fara'arki, ki maimaita. Ba za ki canza mace mai shekara sittin ba, amma za ki iya fita daga kusurwar da ta saba ajiye ki.

Mijina yana dukana. In na yi magana sai a ce ni ce mai son fitina, in yi haƙuri.

Wannan ba ya cikin abin da ake magana a kai, kuma duk wanda ya karanta shafin nan ya ɗauke shi ya rufe bakin matar da ake duka, ya karanta shi a juye. Duka, barazana, hana abinci ko magani, kulle mace a ɗaki, zalunci ne. Faɗinsa ba neman rigima ba ne. "Ki yi haƙuri" ta gyara gidaje da yawa, ta kuma raka mata da yawa asibiti.

Ki gaya wa wanda zai iya tsaya miki a danginki, ko limamin da kika san yana da adalci. A Kamaru akwai ofisoshin ma'aikatar kula da mata da iyali da cibiyoyin jin daɗin jama'a a manyan garuruwa. A Marwa akwai reshen ƙungiyar ALVF mai yaƙi da cin zarafin mata, wanda Aissa Doumara na cikin waɗanda suka kafa shi a 1996, matar da Faransa ta ba lambar yabo ta Simone Veil a 2019. In akwai rauni, a je asibiti a karɓi takardar likita, a adana ta inda shi ba zai gani ba.

Yaushe abin ya wuce hali ya zama ciwo?

In mutum yau ya ɗauke ka waliyyi gobe shaiɗan, yana tsananin tsoron a guje shi, yana yanka jikinsa ko yana cewa zai kashe kansa in an yi faɗa. In yana kwanaki ba barci kuma ba gajiya, yana zuba magana, yana watsa kuɗi, sannan ya faɗi warwas makonni ba ya son ganin kowa. In tun bayan wani hari ko haɗarin mota yake firgita, ƙarar ƙofa kaɗai ta sa shi zabura da faɗa. In fushin yana tashi ne idan tiramol ko giya ta sake shi. Waɗannan duk suna da suna a likitance, kuma suna da magani. Ga nau'in farko, Marsha Linehan ta Jami'ar Washington ta tsara wata hanyar jinya tun shekarun 1980, ta zama da magana da atisaye, inda ake koya wa mutum jure zafin rai ba tare da ya fashe ba, kuma gwaje-gwaje sun nuna tana rage cutar da kai.

A nan gida abin da aka fi fara cewa shi ne aljanu ko sammu. Addu'a ba ta hana ganin likita, a haɗa su. Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a arewacin Kamaru da Chadi, amma ana iya farawa daga babban asibitin yanki a Garwa, Marwa ko Ngaundere, ko babban asibitin ƙasa a Njamena, a tambayi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Mai tsanani akan tura shi asibitin Jamot a Yawunde. A tafi da wani na kusa da ya ga yadda abin ke faruwa, a kuma gaya wa likita duk abin da mutum ke sha, na kanti da na gargajiya. Wanda ya ambaci kashe kansa, ko cikin faɗa ne ya faɗa, kada a bar shi shi kaɗai a daren, a kuma kawar da maganin ƙwari na gonar auduga da sauran guba daga inda hannunsa zai kai.